Ramanujan, Akawun Tashar Jirgin Ruwa Da Jarrabawa Ta Kayar

Idan yaro ya ce wa ubansa zai shiga jami'a ya karanta lissafi, ko ilmin ƙididdiga, abin da uban kan fara tambaya shi ne, to in ka gama wane aiki za ka yi? Likita dai an san aikinsa, lauya ma haka, injiniya kuwa ga hanya ga gada kowa na gani. Mai digirin lissafi shi ne ake yi wa kallon wanda ya ɓata shekarunsa wajen ƙirga abin da ba nasa ba. Yau filin namu zai kawo wa masu karatu tarihin wani Ba'indiye wanda ya nemi wannan digiri a ƙasarsu ido rufe bai samu ba, sai da ya ƙetare teku tukuna, kuma ƙetarewar ce ta cinye lafiyarsa. Sunansa Srinivasa Ramanujan. Shekara 32 kaɗai ya yi a duniya, ya kuwa rasu fiye da shekara ɗari ke nan, amma har yanzu shaihunan malamai na jami'o'i suna cin abinci da abin da ya rubuta.

An haife shi ran 22 ga watan Disamba, 1887, a garin Erode da ke kudancin Indiya, a gidan kakanninsa na wajen uwa, aka rene shi a Kumbakonam. Ingilishi ne ke mulkin ƙasar a lokacin. Ubansa akawu ne a wani kantin sayar da zannuwan mata, albashinsa wajen rufi 20 a wata. Uwarsa, Komalatammal, takan yi waƙoƙin addininsu a ɗakin ibada a ba ta ɗan abin da aka ba ta. Gidan nasu na Barahamawa ne, watau jinsin malaman addinin Hindu, kuma a gidan ba su cin nama ko kifi, ba su kuma cin abincin da kowa da kowa ya dafa. Mai karatu ya riƙe wannan, don zai taso a gaba. Yana ɗan shekara biyu agana ta kama shi, Allah ya yi da sauran kwanansa, ƙannensa uku da suka biyo shi kuwa duk suka mutu suna jarirai.

Tun a firamare aka ga alama. Cikin 1897 ya fi duk yaran gundumarsu a jarrabawa, ya shiga babbar makarantar garin. Saboda talauci uwarsa ta ba waɗansu 'yan kwaleji biyu hayar ɗaki, kafin ya cika shekara 12 ya kwashe duk lissafin da ke kansu, har suka koma aro masa littattafai daga kwalejin. Makarantar tasu na da yara wajen 1,200 da malamai wajen 35, kuma shi wannan ɗan yaro ne kan taimaka wajen tsara wane malami zai shiga wane aji a wace sa'a.

Cikin 1903 wani littafi ya faɗo hannunsa, wanda ya gyara shi ya kuma ɓata shi gaba ɗaya. Wani Bature ne mai suna G. S. Carr ya rubuta shi, mutumin da sana'arsa ita ce shirya ɗalibai don jarrabawar lissafi ta jami'ar Kembirij a Ingila. Littafin jerin ƙa'idodin lissafi ne kimanin 5,000, ɗaya na bin ɗaya, yawancinsu ba cikakken bayanin yadda aka yi aka same su. Carr ya yi shi ne don tilawa, ga wanda ya riga ya yi karatu gaban malami. Ramanujan ba shi da malamin. Sai ya zauna yana bin ƙa'idodin nan ɗaya ɗaya, yana neman dalilin kowace da kansa, daga nan ya zarce ya fara gano nasa. Ya kuma ɗauka haka ake rubuta lissafi: a ajiye amsa, a wuce gaba, ba sai an nuna hanya ba.

Ya gama makaranta cikin 1904 da kyautar lissafi, aka ba shi sukolashif zuwa Kwalejin Gwamnati ta Kumbakonam. Nan ne wahala ta fara. Tsarin jami'ar Madaras, wadda kwalejojin yankin ke ƙarƙashinta, shi ne dole ɗalibi ya ci jarrabawar share fage a darussa da dama kafin a bar shi ya nufi digiri. Ramanujan kuwa ana darasin Turanci ko tarihi, shi yana can ƙarshen aji yana lissafi. Ya faɗi Turanci, aka janye sukolashif. Kunya ta sa ya gudu daga gida cikin watan Agusta na 1905, ya yi makonni ba a san inda yake ba. Da ya komo ya sake gwadawa a Kwalejin Pachaiyappa a birnin Madaras, wanda yanzu ake kira Chennai. A can kuma ga darasin gaɓoɓin jiki, inda ake feɗe kwaɗo a gaban ɗalibai, abin da ɗan Barahamawa ba ya iya ko kallo. Ya faɗi jarrabawar cikin Disamba 1906, ya sake zama bayan shekara guda, ya sake faɗuwa.

A nan ya kamata a yi adalci. Malaman da suka kayar da shi ba mugunta suka yi ba, doka suka bi, kuma dokar tana da dalilinta, gama ba a son mai digiri wanda ba ya iya rubuta wasiƙa. Laifin tsarin shi ne ba shi da ko 'yar ƙaramar ƙofa ta gefe wadda za a shigar da irin wannan yaro. Kowa ya san ya fi malamansa lissafi, amma ba wanda ke da ikon yin kome a kai.

Shekara biyar ya yi yana yawo ba digiri ba aiki. Yakan koya wa yara lissafi a gida don ya sami na abinci, amma bai iya tsayawa kan abin da za a tambaye su a jarrabawa ba, sai ya tafi da su can inda hankalinsa yake, iyaye su janye 'ya'yansu. Takarda ta fi ƙarfin aljihunsa, saboda haka a kan allo yake aiki, ya rubuta ya goge da gwiwar hannu, har gwiwar ta yi baƙi ta yi kanta. In ya kai ga amsa, ita kaɗai yake kwafewa cikin kundinsa. Cikin 1909 uwarsa ta yi masa aure da wata yarinya ƙarama mai suna Janaki, wadda ba ta tare ba sai 1912. Aure kuwa ya wajabta masa neman aiki, ya shiga bin ofisoshi da kundinsa a hammata, shi ne takardar shaidarsa.

Allah ya haɗa shi da mutanen kirki. Akwai V. Ramaswamy Aiyer, ma'aikacin gwamnati wanda ya kafa ƙungiyar masu lissafi ta Indiya, ya duba kundin ya ga bai kamata a binne mai shi a ofishin haraji ba. Akwai R. Ramachandra Rao, mai mulkin gundumar Nellore, muƙamin da ya yi kama da na Di'o, wanda ya riƙa ba shi rufi 25 kowane wata daga aljihunsa. Cikin 1911 mujallar ƙungiyar ta buga maƙalarsa ta farko. Amma zaman cin sadaka ya dame shi, sai ran 1 ga Maris, 1912, ya kama aikin akawu a ofishin kuɗi na hukumar tashar jiragen ruwa ta Madaras, a kan rufi 30 a wata. Wanda ya taɓa leƙa ofisoshin Apapa ya san irin teburin da irin tarin takardun. Sa'arsa ɗaya, babban akawun wurin, Narayana Iyer, shi ma mai son lissafi ne, kuma shugaban hukumar, Sir Francis Spring, ya tsaya masa.

Su ne suka ƙarfafa shi ya rubuta wa malaman Ingila. Biyu daga manyan Kembirij, Baker da Hobson, ba su ce masa kome ba. Na ukun shi ne G. H. Hardy na Kwalejin Tiriniti, mai shekara 35, wanda ya rubuta wa ran 16 ga Janairu, 1913. Shafi tara ne cike da ƙa'idodi, ba hujja ko ɗaya. Hardy ya saba samun wasiƙun masu taɓin hankali da ke cewa sun warware abin da ya gagari duniya, don haka da fari ya ajiye ta gefe. Abin ya ƙi barin zuciyarsa. Da dare ya kira abokin aikinsa Littlewood, suka zauna a kanta. Waɗansu ƙa'idodin an daɗe da saninsu, waɗansu kuskure ne, waɗansu kuwa Hardy bai taɓa ganin mai kama da su ba, bai kuma iya tabbatar da su ba. Abin da ya yanke shi ne maƙaryaci ba shi da basirar da zai ƙago irinsu, saboda haka mai wasiƙar nan gwani ne na gaske. Ya mayar da amsa ran 8 ga Fabrairu, yana yabo, yana kuma neman hujjoji.

Wasiƙar Bature guda ta yi abin da kundi ya kasa yi shekara da shekaru. Nan da nan jami'ar Madaras, wadda ta kayar da shi sau biyu, ta nemo hanyar kauce wa dokarta ta ba shi rufi 75 a wata har shekara biyu don ya yi bincike. Mai karatu ya yi wa wannan fassarar da ya ga dama.

Hardy ya so ya zo Ingila, ya ƙi. A al'adar Barahamawa na wancan zamani wanda ya ƙetare teku ya ƙazantu, dangi na iya ƙin cin abinci da shi, su ƙi zuwa jana'izarsa. Sai farkon 1914, da wani matashin malamin Tiriniti, E. H. Neville, ya zo Madaras ba da lacca, aka shawo kansa, bayan uwarsa ta ce ta yi mafarki abar bautar gidansu ta hana ta tsare shi. Ya aske tukkunsa, ya koyi sa kwat da takalmi, ya mai da matarsa da uwarsa Kumbakonam don kada su gan shi cikin wannan kama. Ya shiga jirgin ruwa ran 17 ga Maris, ya sauka Landan ran 14 ga Afrilu, 1914.

A Kembirij ne aka ga abin da rashin karatun jami'a ya yi masa. Mutumin da ke iya hango ƙa'idar da ba wanda ya taɓa hangowa, ga shi bai san abubuwan da ɗan shekara ta biyu a jami'a ya sani ba, bai ma gane sosai abin da ake nufi da hujja ba. A lissafi, in ka gwada abu sau dubu ya fita daidai, ba ka tabbatar da shi ba tukuna, sai ka nuna dalilin da ya sa ba zai taɓa saɓawa ba. Inda wannan ya fi cutarsa shi ne wajen lambobin nan da ba su rabuwa sai da kansu ko da 1, kamar 2, 3, 5, 7, 11, 13. Ya zaci ya gano hanyar faɗin ko guda nawa ne irinsu ke ƙasa da kowace lamba, ashe hanyar tana da rami, kuma ramin na cikin wani fanni ne da bai taɓa karantawa ba. Hardy ya shiga tsaka mai wuya: in ya tsare shi da darasi kamar ɗan makaranta zai kashe masa gwiwa, in ya ƙyale shi zai ci gaba da faɗawa ramuka. Sai ya riƙa koya masa a fakaice, suna cikin aiki. Daga baya Hardy ya nuna babbar hasarar ita ce shekarun nan na tsakanin 18 da 25, lokacin da ƙwaƙwalwar mai lissafi ke kafuwa, waɗanda Ramanujan ya yi shi kaɗai da allo.

Ba a sa shi zaman jarrabawar da Carr ke shirya wa ɗalibai ba. An karɓe shi a matsayin ɗalibi mai bincike, cikin Maris 1916 aka ba shi digirin B.A. saboda dogon aikin da ya yi kan lambobi masu yawan rabuwa. Wannan kowane ɗan kasuwa zai gane shi. Dattawan da suka yi ciniki kafin a kawo naira cikin 1973 sun san sule kwabo 12 ne, fam kuwa kwabo 240. Sule na rabuwa daidai tsakanin mutum 2, ko 3, ko 4, ko 6, ba a bar canji ba. In aka haɗa da 1 da 12, lambobi shida ke nan ke raba 12, kuma ba wata lamba ƙasa da ita mai masu raba ta da yawa haka. Haka 24, da 60, da 120, da 240 wadda lambobi 20 ke rabawa, da 360. Awa ma minti 60 ce. Ramanujan ya bi irin waɗannan lambobi ya gano yadda aka gina su da yadda suke yaɗuwa. Yana da shekara 28 ya sami digirin da sa'o'insa suka samu tun wajen shekara takwas baya.

Aikin da ya fi shahara shi ne wanda suka yi tare da Hardy kan kasafi. A ce kana da goro 4, hanya nawa za ka kasa shi? Ka bar shi 4, ko 3 da 1, ko 2 da 2, ko 2 da 1 da 1, ko ɗai-ɗai har huɗu: hanya 5. Goro 5 hanya 7 ne, goro 10 hanya 42. Goro 100 kuwa hanya 190,569,292. Su biyun suka fito da ƙa'idar da za ta ba da amsa ba tare da an zauna ƙirga ba, aka buga cikin 1918. Wani tsohon soja mai lissafi, Manjo MacMahon, ya yi aikin da hannu har zuwa 200, ya sami 3,972,999,029,388, da aka gwada ƙa'idar sai ta faɗa kan wannan lamba cif. Ramanujan ya dubi jerin MacMahon ya ga abin da ba wanda ya lura: amsar 4 ita ce 5, ta 9 ita ce 30, ta 14 ita ce 135, kuma duk lambar da ta ƙare da 4 ko 9 amsarta na rabuwa da 5. Wannan karon ya kawo hujja.

Yana da wani aboki ɗan Kalkata a Kwalejin King, mai suna P. C. Mahalanobis. Wata rana abokin ya same shi yana rawar ɗari a ɗaki, ya ce sanyi na hana shi barci ko da ya kwana cikin kwat. Da aka duba gadon sai ga barguna a shimfiɗe an soke bakinsu, ba a taɓa ɗaga su ba. Ashe a kansu yake kwanciya, ba wanda ya gaya masa ana shiga ƙarƙashi ne. Duk wanda ya taɓa sauka garin da ba ya jin harshensu ya san irin wannan, ƙaramin abu ne da kowa ya ɗauka ka sani, kai kuma kana jin nauyin tambaya.

Wata rana kuma, cikin Disamba 1914, Mahalanobis ya karanta masa wata wasa ƙwaƙwalwa daga mujalla yana tsaye yana juya kayan miya a kan wuta. Titi ne mai gidaje jere, an sa musu lamba daga 1, sun fi 50 ba su kai 500 ba. Ana neman gidan da in aka tara lambobin da ke gabansa za su yi daidai da jimlar na bayansa. Amsa ita ce gida na 204 cikin gidaje 288, kowane gefe 20,706. Ramanujan bai sauke cokali ba ya faɗi hanya guda wadda ke fitar da wannan amsa da duk sauran: gida na 6 cikin 8, na 35 cikin 49, har abin da ba iyaka. Mai shakka ya gwada ta farkon, 1 zuwa 5 jimlarsu 15, 7 da 8 ma 15.

Shi wannan Mahalanobis shi ne amsar tambayar uban da muka fara da shi. Ya koma gida ya kafa Cibiyar Ƙididdiga ta Indiya cikin 1931, ya nuna wa gwamnati yadda za a auna yawan ramar buhu da aka noma a Bengal ta hanyar auna 'yan gonakin da aka zaɓo bisa ƙa'ida, ba sai an taka kowace gona ba. Da irin wannan lissafi aka tsara shirin raya ƙasar Indiya na shekara biyar da ya fara cikin 1956, kuma daga 1960 cibiyar tasa ta fara ba da digirin farko a ilmin ƙididdiga.

Ramanujan bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Wata huɗu da saukarsa Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke. Littlewood ya tafi aikin soja, aka mai da wani sashe na Tiriniti asibitin masu rauni, kayan abincin da ake aiko masa daga gida suka yi wuyar samu. Shi ke dafa wa kansa, in lissafi ya ɗauke shi sai ya wuni ya kwana bai ci ba. Cikin 1917 ya kwanta. Likitoci suka ce tarin fuka ne, aka yi ta yawo da shi gidajen jinya, inda maganin zamanin shi ne a buɗe tagogi cikin hunturu, abincin kuma ba wanda zai iya ci. Ga shi wasiƙun matarsa sun daina zuwa, don rashin jituwa ya shiga tsakaninta da uwarsa, uwar tana tare su. Baƙin ciki ya kai shi har ya nemi halaka kansa, Allah ya kiyaye. Cikin 1994 wani likita, D. A. B. Young, ya bi takardun jinyarsa ya ce ya fi zaton ƙwayar cutar atuni ce da ya ɗauko tun a Madaras ta shiga hantarsa, ciwon da ko a wancan zamani ana iya warkarwa in an gane shi.

Yana kwance girma ya zo. Cikin Mayu 1918 aka zaɓe shi ɗan Royal Society, babbar majalisar masanan kimiyya ta Ingila, shi ne Ba'indiye na biyu da ya shiga. Cikin Oktoba kuma ya zama Ba'indiye na farko da Tiriniti ta ɗauka cikin manyan malamanta. A wannan jinya ne Hardy ya je duba shi a unguwar Putney, ya rasa abin buɗe hira, ya ce lambar tasin da ya hau, 1729, lamba ce marar armashi. Majinyacin ya ƙi yarda nan take. Ya nuna masa 12 sau 12 sau 12 a ƙara 1 sau 1 sau 1 ya ba da 1729, haka kuma 10 sau 10 sau 10 a ƙara 9 sau 9 sau 9, kuma ita ce mafi ƙanƙantar lambar da ake iya haɗawa ta irin wannan hanya iri biyu.

Ya koma Indiya cikin Maris 1919, ƙashi da fata. Janaki ta yi jinyarsa shekara guda, yana kwance yana rubutu a kan allo yana kwafewa a warwatsattsun takardu. Cikin Janairu 1920 ya aika wa Hardy wasiƙa ta ƙarshe kan wani sabon nau'in lissafi da ya gano, wanda ba a fahimci asalinsa sosai ba sai 2002, da wani ɗalibi ɗan ƙasar Holan, Sander Zwegers, ya warware shi. Ya rasu ran 26 ga Afrilu, 1920. Yawancin danginsa ba su zo jana'izar ba, saboda ya ƙetare teku.

Takardun nan na shekarar ƙarshe suka bi hannu hannu har suka ɓace cikin kayan wani malami a Ingila. Sai cikin 1976 wani Ba'amurke, George Andrews, ya buɗe wani akwati a laburaren Tiriniti ya same su, da ƙa'idodi wajen 600, ba hujja, kamar yadda Carr ya koya masa. Wani Ba'amurken kuma, Bruce Berndt, ya ɗauki tsofaffin kundayen Madaras yana tabbatar da abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, aikin ya cika littafi biyar, daga 1985 zuwa 1998, kuma kaɗan ne ƙwarai aka samu ba daidai ba. Indiya ta sa hotonsa a kan sarki cikin 1962, ta kuma mai da ranar haihuwarsa ranar lissafi ta ƙasa. Janaki ba ta sake aure ba. Ta riƙe kanta da ɗinki a Madaras, ta rasu cikin 1994, shekara 74 bayan mijinta.